Don Allah a taimaka: me za mu karanta, me za mu rera a makon Ista? (da Hausa nake nema)

Sakataren_Matasa:

Salama gare ku ƴan'uwa cikin sunan Yesu. Shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa. Ikilisiyarmu ƙarama ce a wani ƙauye ta wajen Saminaka, fastonmu kuma ba mu kaɗai yake riƙe da mu ba akwai wasu majami'u biyu a hannunsa, toh bana ya ce ba zai samu zuwa wurinmu ba sai ranar Lahadin Ista ɗin kanta saboda Jibin Ubangiji, sauran kwanakin tun daga Lahadin dabino har Asabar dattawa suka ce matasa su shirya, matasa kuma duk suka juyo suna kallona tunda ni ke riƙe da biro.

Na shiga intanet na duba, duk abinda na samu da Turanci ne kuma rabinsa maganar zomo ne da ƙwai mai fenti da furanni, mu da muke nan zafin bazara yana gasa mu. Mutanenmu kusan rabi ba sa karatu, tsofaffi ne da mata manoma, Littafin Waƙoƙi kuma ƴan kaɗan ne suka rage a akwati duk bangon ya fita. Abinda nake so shi ne tsarin karatu na kowace yamma, da waƙoƙin da suka dace, da abinda za a yi wa yara kada su dame mu da surutu. In akwai mai wani littafi ko takarda da Hausa ya turo don Allah. Sannan wani yaro a Sande Sukul ya tambaye ni me yasa Kirsimeti kullum 25 ga Disamba ne amma Ista sai yawo take yi, na ce masa zan kawo amsa.

Tsohon_Mai_Bishara:

Ɗana sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Ka bar wahalar da kanka da neman takarda daga nesa, tsarin da kake nema yana nan a shirye cikin Bisharar Markus daga sura 11 zuwa 16, domin shi Markus kwana-kwana ya bi makon, za ka ga yana ta cewa da magariba ta yi, kashegari, da safe, kai dai bin sawunsa kawai za ka yi.

Lahadi ku karanta 11:1-11, shigarsa Urushalima a kan aholaki, wato ɗan jaki. Litinin 11:12-19, itacen ɓaure da korar ƴan kasuwa daga Haikali. Talata ita ce mai tsawo, daga 11:20 har ƙarshen sura 13, ba za ku iya duka a zama ɗaya ba, ni da ni ne zan ɗauki misalin manoman gonar inabi da ke farkon sura 12 da labarin gwauruwar nan mai anini biyu da ke ƙarshenta, manoma za su gane na farkon tun kafin ka buɗe baki domin sun san abinda ake nufi da a ba mutum gona aro ya ce ta zama tasa. Laraba ayoyi 11 ne kacal, 14:1-11, matar da ta fasa tulun turare a Betanya da Yahuza da ya tafi wurin manyan firistoci, mutum biyu a gida ɗaya a rana ɗaya, ita ta zubar da dukiya saboda shi, shi kuma ya je karɓar kuɗi a kansa. Alhamis sauran sura 14 har zuwa kukan Bitrus, Juma'a sura 15 gaba ɗaya ayoyi 47 kada ku tsallake ko ɗaya. Sura 16 ku bar wa fasto.

Amma ga inda aikin yake. Tunda rabin jama'arku da kunne suke karɓar Maganar Allah, mai karatun shi ne komai. Na sha zama a sujada an miƙa wa yaro Littafi Mai Tsarki nan take an ce karanta, yana in-ina yana tuntuɓe a kan Getsamani da Bilatus, kansa a sunkuye muryarsa ba ta wuce benci na biyu ba, tsofaffi a baya suna gyangyaɗi, sannan a ce wai mutane ba su da ƙishin Magana. Ka zaɓi masu karatunka tun yanzu, ka ba kowa ayoyinsa ya je gida ya yi ta maimaitawa da ƙarfi, ku haɗu gindin bishiya ka tsaya can nesa ka ji ko muryar tana isowa. Na Alhamis da Juma'a ku raba muryoyi, wani mai ba da labari, wani ya ɗauki maganar Yesu, wani Bitrus, wata yarinya ta zama baranyar babban firist, wani Bilatus. In an zo inda taro ya yi ihu a gicciye shi, ka sa dukan ikilisiya su faɗa da bakinsu, har dattawa. Za ka ji yadda ɗakin zai yi tsit bayan nan.

Kuma ku tsaya kan juyi ɗaya duk makon. Tsofaffinmu da juyin 1932 suka tashi, wanda su Likita Miller na Zariya suka yi aikinsa, ayoyin da ke kansu duk daga can ne, matasa kuma sun fi sabawa da na 1979 ko Sabon Rai Don Kowa. Kowanne ka ɗauka daidai ne amma kada yau wannan gobe wancan, kuma in za ka kira nassi ka ce Yahaya ko Yohanna duka biyun domin littattafan da ke hannun mutane ba suna ɗaya suka rubuta ba.

Wa'azi kuma kada ku ja. Ku matasa in kun samu bagadi ba kwa son sauka. Bayan karatu dattijo ɗaya ya yi magana ta minti goma, a yi addu'a, a tashi. Ran Juma'a in kuna son ƙari ga kalmomi bakwai na kan gicciye: Luka 23:34, Luka 23:43, Yahaya 19:26-27, Markus 15:34, Yahaya 19:28, Yahaya 19:30, sai Luka 23:46, ku haɗa da Ishaya 53 da Zabura 22. Amma kada ku ba mutum bakwai makirfo, na roƙe ku, sai dare ya raba ba ku gama ba.

Maman_Zumunta:

Amin Baba, kun gama magana. Ni dai ta wajen waƙa zan sa baki. Ɗana rashin littafin waƙa ba matsala bane, mu a Zumuntan Mata yaushe muka taɓa riƙe littafi, ɗaya ta bayar saura su amsa shikenan. Ko waƙar cikin littafin ce ka sa mai murya ya faɗi layi jama'a su rera, ya faɗi na gaba su rera, haka iyayenmu suka koye su har suka haddace. Ka je wurin shugabar zumuntanku da kanka ka gaishe ta ka zauna, kar ka aika yaro, ka ce mama ga abinda za a karanta ran Laraba, matar da ta zuba turare, akwai waƙa a kai? In babu ma kafin Laraba sun ƙaga, mata ba sa rasa waƙa.

Abu ɗaya da ke ɓata mini rai kowace shekara shi ne ƴan kwaya su tashi ran Juma'a mai kyau suna rera waƙar tashi daga matattu da rawa da jita, haba, mutumin ko binne shi ba a yi ba tukuna. Ku zauna da shugaban kwaya ku ware waƙoƙin gicciye da jini gefe ɗaya, na tashi gefe ɗaya, na tashin a kulle su sai Lahadi. Mu ran Juma'a ko tulu ba ma bugawa, murya zalla, a hankali. Sai Lahadi da asuba a fito da komai, tulun nan da ake buga bakinsa da guntun soson katifa yana bum bum har cikin ƙirji, da caki da ganga da guɗa, wanda ya kwana biyu bai ji kiɗa ba in ya ji a ranar jikinsa da kansa zai gaya masa wani abu ya faru.

Sujadar asuba kuma ku ba mata. Ba son kai nake ba, Baba ya ce a bar wa fasto sura 16 amma ku duba farkonta, Maryamu Magadaliya da Maryamu uwar Yakubu da Salome ne suka yi sammako zuwa kabari suna tambayar juna wa zai gangarar musu da dutsen, mazan suna ɓoye a ɗaki. Mu ƙarfe biyar muke fita da tocila da farin zane mu zaga gari muna waƙa mu ƙare a bakin majami'a rana na fitowa. Sai dai yanzu yadda ƙasa take ku gaya wa mai unguwa da ƴan banga tun da wuri, ƴan Birged, wato ƙungiyar samarin ikilisiya masu fareti, su tsaya a hanya, in kuma wajenku babu kwanciyar hankali ku yi a harabar majami'a kawai ba dole sai an zaga ba.

Ka tanadi ruwa a randa a bakin ƙofa, zafin nan ba wasa bane tsofaffi suna azumi. Yara kuma ka ba su aiki, yaron da aka ba aya ɗaya ya haddace zai faɗa a gaban mutane ba ya surutu, tsoro ma ya ishe shi.

Katikis_Zonkwa:

Gaisuwa ga Baba da Mama. Ni ɗan Katolika ne, na san tsarinmu ba ɗaya bane da naku amma akwai abinda za ku iya ɗauka ba tare da kun saɓa wa koyarwarku ba.

Mu tun Larabar toka muke farawa, tokar ma daga ganyen dabinon bara ake ƙona ta, kwana 40 na azumi banda Lahadi, in ka haɗa da Lahadin sun zama 46. Duk Juma'a muna bin Hanyar Gicciye, tasha 14, daga yanke masa hukunci har sa shi a kabari. Amfaninta ga mutanen da ba sa karatu shi ne da ƙafa ake yinta, a yi tafiya kaɗan a tsaya a karanta a durƙusa a yi waƙa a ci gaba, tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya ba tana iya lissafa maka tashoshin nan a jere. A ƙauyukan da nake zuwa babu hotuna, gicciyen kara muke kafawa a zagaye da fili. Ran Alhamis Fada yana wanke ƙafafun mutum 12 kaman yadda yake a Yahaya 13, kuma ba mu kaɗai ba ƴan EYN, wato Ekklesiyar Ƴan'uwa a Najeriya, ma suna wankin ƙafa. Daga daren nan ƙararrawa ba ta ƙara kaɗawa, a kwashe kayan bagadi a bar shi tsirara, Juma'a babu Mas, Halleluya kuma tun farkon azumi ba a furta ta sai daren Asabar da ake hura wuta a waje a kunna babban kyandir kowa ya kunna nasa daga na maƙwabcinsa a shiga coci cikin duhu. Wannan ya yi daidai da abinda Mama ta faɗa game da kulle waƙoƙi.

Amsar yaronka kuma: Ista da wata take tafiya domin ta samo asali daga Idin Ƙetarewa na Yahudawa, Fitowa 12, wanda a tsakiyar wata ake yinsa. Tun taron Nikiya a shekarar 325 ikilisiya ta nemi kowa ya yi a rana ɗaya, lissafin da ake bi shi ne Lahadi ta farko bayan wata ya cika daga 21 ga Maris zuwa sama, shi yasa ba ta zuwa kafin 22 ga Maris kuma ba ta wuce 25 ga Afrilu. Ka ce wa yaron ya ɗaga kai ya duba sama a makon, zai ga farin wata.

Bulus_Waya:

Oga sakatare ga nawa gudunmawar. Ka sauke YouVersion akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a ciki fiye da juyi ɗaya, Bible.is kuma yana da Sabon Alkawari na sauti da Hausa. In ka shiga gari inda netwok ke da ƙarfi ka sauke abinda kake buƙata kafin ka koma, ka cika caji, ka ari sifika mai bulutut. Ba wai ta maye masu karatu ba kaman yadda Baba ya tsara, amma masu karatun su saurara su ji yadda ake furta sunayen, kuma tsofaffin da ba sa iya fitowa a kai musu gida da yamma. In ka samu zuwa Jos ko Kaduna ka leƙa shagon littattafai na Challenge ka tambayi Littafin Waƙoƙi da Abincin Yini, ko guda biyar kuka saya daga asusun matasa ya rage.

Amma ba wanda ya ambaci dirama, matasa fa dirama suke jira!

Tsohon_Mai_Bishara:

Bulus ɗana na san za a zo nan. Ban hana ba amma na ga abinda dirama ta zama. Samari su yi hular soja da kwali, a jiƙa riga da zoɓo a ce jini ne, sai masu yin sojan Roma su samu dama su huce haushin da suke ji da wanda aka sa ya zama Yesu, suna zabga masa bulala da gaske yana waigowa yana harararsu, yara suna bin su a guje suna shewa, mata suna dariya har da riƙe ciki. Mutuwar Ubangiji ce fa ake nunawa. In za ku yi ku yi na Bitrus a bakin wuta, ko na mutum biyun nan a hanyar Imuwasu, babu duka a ciki.

Malam Katikis na gode ƙwarai, maganar tafiya da ƙafa ta shige ni. Tambayata ɗaya, cikin tashoshin nan akwai faɗuwarsa sau uku da matar da ta share masa fuska, ni ban same su a Bishara ba, dattawan yaron nan kuwa za su tambaya.

Katikis_Zonkwa:

Gaskiyarku Baba, waɗannan daga al'adar ikilisiya suka zo ba daga nassi ba, ba ma ɓoyewa. Amma akwai wani tsarin da Paparoma John Paul na biyu ya bi a 1991 wanda duka 14 ɗin daga Bishara suke, ya fara daga Getsamani. Su ma za su iya yanka Markus 14 da 15 gida-gida su yi nasu, ko bakwai ne ya isa. Kada dai su bar Saminu Bakurane da aka tilasta ya ɗauki gicciyen, Kurane tana cikin ƙasar Libiya ta yau, mutumin nahiyarmu ne, kuma daga ƙauye yake shigowa aka tare shi.

Ɗan_Maraɗi:

Ina gaida ku duka daga Nijar. Mu nan zahin ya hi naku, ma'auni yana wuce 40 a watan Afrilu, shi ya sa sujadar mako sai bayan rana ta hwaɗi muke yi a waje bisa tabarmi, in kuran ta ɗauke ma ba ruwanmu. Abinda nike so in ƙara shi ne kada ku zuba ƙarhinku duka cikin mako guda ku watse. Mu abinda munka lura, ana gama shinkafar Lahadi sai kowa ya manta, alhali kwana 40 ya yi yana bayyana ga almajirai kahin a ɗauke shi sama, Fentikos kuma sai rana ta 50. Lahadin da ke biye ku ɗauki Toma a Yahaya 20, ta gaba Imuwasu a Luka 24, sannan Yahaya 21 inda ya gasa musu kihi a bakin teku ya tambayi Bitrus sau ukku, sai 1 Korantiyawa 15, ku ƙare da Ayyukan Manzanni 1 da 2. Masu karatun da kunka horar kada ku sake su, sun riga sun zama dukiyar ikilisiya. Kuma abincin Ista a tuna da maƙwabta Musulmi, su ma suna aiko muna da Salla.

Sakataren_Matasa:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka. Baba na kwafe tsarin Markus ɗin a littafin minit, jiya na kai wa dattawa sun amince, sun ce ma ɗaya daga cikinsu zai zama Bilatus. Mama na je wurin shugabar zumunta kaman yadda kuka ce, ta ce dama jira take ta ga ko za mu tuna da su. Dirama mun daidaita a kan na Bitrus, matasa sun ɗan yi gunaguni amma an bar musu Litinin ɗin bayan Ista su shirya fita Galili, wato yawon shaƙatawa, yadda suke so tunda hutu ne. Hanyar Gicciye kuma dattawa sun ce a yi amma kada a kira ta da wannan sunan, Malam Katikis ka yi haƙuri.

Saura abu ɗaya, babu bishiyar dabino ko ɗaya a garinmu, ya za mu yi da Lahadin dabino? Kuma wani ya ce zai ba mu aron jaki.

Tsohon_Mai_Bishara:

Yahaya 12:13 ne kaɗai ya ambaci dabino, Markus da za ku karanta cewa ya yi ganyaye suka yanko daga saura suka shimfiɗa tare da mayafansu. Ku yanko abinda ke gonakinku.

Maman_Zumunta:

Kaba ko ganyen giginya ko na kwakwa duk muna amfani da su, ku yanko ran Asabar da yamma ku tsoma gindin a bokitin ruwa kada su bushe kafin safe, kuma a fere ƙayar kafin a ba yara domin za su tsokane wa juna ido. Jakin kuma in dole sai kun kawo shi to mai shi ya riƙe igiyar da kansa, a ɗora ƙaramin yaro ba ƙato ba, masu ganga kuma su tsaya can baya nesa da shi, namu da ya ji ganga da guɗa bai tsaya ko'ina ba sai gidan mai shi.